Kawun da Muka Yi wa Dariya

Daga Allah muke kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu. Ya cika a asibiti a nan Manchester wata Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara, muka kai shi makwancinsa ranar Alhamis bayan azahar. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauki nauyina tun da ta rasu ina firamare, shi ya kawo ni ƙasar nan karatu. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, ba su haihu ba, don haka ba shi da kowa a nan sai ni da iyalina.

A gidansa na Ardwick muka yi zaman makoki, hawa na uku a dogayen gidajen nan na council, wato ƙaramar hukuma. Maza a falo, mata a uwar ɗaki da kicin, takalma kuwa tuli a bakin ƙofa har kan matakala. Ban taɓa zaman makokin da aka sha murmushi kamar wannan ba. Mutum zai shigo da fuskar jimami, ya ce ya haƙuri, a yi addu'a a shafa, ya samu gefe ya zauna. Ba a jimawa sai wani ya ce, "Kawu Jirgi ke nan," sai ka ga kafaɗu suna rawa.

Wani tsohon direban tasi, wanda suka yi shekara talatin da Kawu suna sallah a sahu ɗaya, ya dubi takalman ya ce, "Da yana nan da tuni ya kwashe su ya jera jikin bango, yana mana faɗa a kan fire exit, wai mun tare hanyar gudun gobara." Aka yi dariya, aka bi ta da istigfari. Wata tsohuwar Baturiya ta hawan ƙasa ta hauro da sandarta, ta tsaya a ƙofa tana kuka wiwi, ta ce shi yake karɓo mata magani duk mako. Da ta sauka, direban ya sassauta murya ya ce, "Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Abu ɗaya ne dai, labarin nan nasa na jirgi. Allah ya yafe masa ƙarin gishirin."

Falo ya ce amin. Ni ma na ce amin.

Wannan amin ɗin ce ta hana ni sukuni har yau. A safiyar ranar, da hannuna na wanke Kawu, na kuma ga abin da ya tabbatar min bai ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Na zauna ina ji ana roƙa masa gafarar ƙaryar da bai yi ba, na kuma taya. Sunan nan ma, Kawu Jirgi, ni na raɗa masa. Kunya nake ji, ba kaɗan ba, kuma abin da nake nema da rubutun nan shi ne labarinsa ya tsaya a matsayin gaskiya, tunda ni na fara kayar da shi.

Labarin, iyakar guntayen da na riƙe, ga shi. Lokacin yaƙin basasa Kawu saurayi ne, lebura a tashar jirgin ƙasa ta wani gari na bakin kogi. Da jiragen sama suka fara zuwa jefa bam aka nemi 'yan sa-kai, ya ba da sunansa. Shi ba soja ba, ba bindiga, ba albashi. Ƙyalle aka ɗaura masa a dantse, aka ba shi usur da bokitin yashi. Aikinsa in ya ji ƙugin jirgi ya busa usur, ya kora mutane cikin ramukan da aka haƙa. Wata rana da rana tsaka bam ya faɗa kan rumfar kasuwa ta bayan tasha, inda ake sayar da manja da kananzir, shi kuma ya shiga wutar ya fito da mutane. A takarda layi biyar ke nan. A bakinsa yakan kai awa guda, da sunan kowa da abin da kowa yake sayarwa.

To ka dubi mutumin. Gajere ne siriri, ba ya iya wuce karen maƙwabta sai ya tsallaka ɗaya gefen. In zai ƙetare titi sai ya jira fitila ta ba shi hannu ko da babu mota ko ɗaya. Shekara ashirin da wani abu yana share taragun jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Babu wanda zai kalle shi ya ga mai shiga wuta.

Yana da halaye da muke ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ya jingina da kujera, ko a bas ko a falo, a baki-baki yake zama bayansa a miƙe. Rub da ciki yake kwana. Ko a tsakiyar zafin Yuli, da Turawa ke yawo rabi tsirara, shi sai singileti da riga mai dogon hannu a ɓalle har wuya. Duk gidan da ya shiga sai ya fara tambayar ina ƙofa ta biyu. Maganarsa kullum ita ce, "Ku bar hanya," ko keken yara ne a tsakar gida ko buhun shinkafa a bakin kicin. Ya ajiye bokitin yashi a barandar gidansa, council suka yi ta aiko masa da wasiƙa ya ɗauke. Da suka matsa sai ya sayo furen roba ya soke a ciki, ya ce ai yanzu ado ne.

Ranar da na sauka a ƙasar nan, a filin jirgi na same shi tsaye da kwat a hannu, ya yafa min kafin ma mu gama gaisawa. Ya ba ni gadonsa, ya koma tabarma a falo shekara uku. In na dawo daga makaranta zan tarar da tuwo da miyar kuka a rufe, shi kuma ya tafi aiki. Bai taɓa goranta min ba. Ladan da yake nema ɗaya ne, ranar Lahadi in zauna in ji labarin jirgi. Karon farko na ji shi baki buɗe. Karo na biyar na koyi yadda ake gyaɗa kai hankali yana wani wuri. Daga nan na fara kwaikwayonsa a gaban abokai, har da busa usur da yatsu, suna faɗuwa don dariya.

Rigimarmu ɗaya ce, kuma ba ma rigima ba ce, don ni kaɗai na yi ta. Ranar sunan 'yata ta biyu ne, a gidana na Withington. Surukina ya zo daga Kano, tsohon babban ma'aikaci mai ji da kansa, ga kuma abokan aikina. Ina so a ga cewa na zama mutum. Ana cikin cin abinci wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka, Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Wancan na ranar, ƙuginsa bai kai wannan ba, amma ya fi shi kusa." Na san an shiga ke nan.

Surukina ya saurara kaɗan, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai mu ma muna ƙasar lokacin. Jiragen nan ko akuya ba su kashe ba."

Kawu ya ce, "A wajenku wataƙila, ranka ya daɗe. A wajenmu sun kashe."

Nan ne ya kamata in tsaya bayan wanda ya ba ni gadonsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Kawu, don Allah ya isa haka. Every time labarin nan ƙaruwa yake. Ina evidence? Ko hoto, ko takarda, ko mutum ɗaya da ya gani?"

Kawu ya ɗaga hannu ya kama maɓallin rigarsa na wuya. Na gani da idona. Ya dubi surukina, ya dubi matata tsaye a ƙofar kicin da faranti, ya dubi matan maƙwabta, ya dubi babbar 'yata a kan cinyar kakarta. Sai ya sauke hannun. Ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗana. Babu takarda." Ya ƙarasa shinkafarsa, ya tofa wa jaririya addu'a, ya yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tafi ya hau bas.

A lokacin na ɗauka zufa ce ta karyo masa don an kama shi. Ni da aka haifa a gidan Hausawa, na manta cewa dattijo ba ya tuɓe riga a gaban suruki da matar ɗansa ko da za a yanka shi. Shaidar tana jikinsa, ni kuma na neme ta a wurin da kunya ba za ta bari ya fito da ita ba.

Daga ranar bai ƙara ba da labarin a gidana ba, shekara goma sha shida. A masallaci da wuraren biki yakan ba wanda ya samu, amma ban da gabana. Bai daina zuwa ba, duk Lahadi yana nan da alewa a aljihu. Yarana sun tashi suna cewa, "Dad, is Kawu Jirgi coming?" ba tare da sun taɓa jin labarin ba, sun dai san abin dariya ne. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na saya masa hitar ɗumama ɗaki, na saya masa jallabiya, na kai shi wurin GP, likitansa, a motata, ina gaya wa kaina ai ya gane.

A ɗakin wankan gawa na masallaci mu uku ne, liman da wani dattijo da ni. Muka rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa, muka yi masa alwala, muka wanke gefen dama. Da muka juya shi, hannuna ya sauka a kan wani abu da ba fata ba. Daga kafaɗa zuwa ƙugu bayan Kawu a tamuke yake, a murɗe, wani wuri fari wani wuri baƙi ƙirin. A tsakiya akwai wani kwari mai faɗin tafin hannu da ya ratsa a karkace, inda wani abu mai nauyi ya taɓa kwanciya.

Liman ya dakata. Ya ce, "Wuta ce wannan. Tsohuwa ƙwarai. Ka san da ita?"

Na ce ban sani ba. Ita ma ƙarya ce, don an gaya min fiye da sau ashirin. Liman ya karɓi butar daga hannuna. Bayan mun sa shi a likkafani ya ja ni gefe ya ce, "Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani in aibi ne. Wannan ba aibi ba ne. Amma kai ne ɗansa, shawara tana wurinka."

Izini ke nan aka ba ni, amma na yi kwana uku a falon nan bakina a rufe. Na ce wa kaina suturta mamaci nake yi, tunda shi ma ya rufe abinsa shekara da shekaru. Gaskiyar ita ce in na faɗi bayansa sai na faɗi maɓallin, kuma rabin mutanen falon suna gidana ranar suna. Kaina nake suturtawa, na fake da al'ada.

Kwana na huɗu ina ninke kayansa wayarsa ta yi ƙara. A jikinta an rubuta Ƙanwata Birmingham. Mun san yakan je Birmingham sau biyu a shekara, a doguwar bas, da ƙullin kilishi. Matata takan tsokane shi wai ya yi bazawara a can, shi kuma ya yi murmushi ya ce zumunci ne. Ba wanda ya taɓa tambayar zumuncin wa.

Muryar mace ta ce, "Yaya, kwana biyu shiru. Ko ƙirjin ne?"

Na gaya mata. Can ta ce, "An binne?"

"An binne, Mama. Ki gafarce mu, ba mu san da ke ba."

"Kai ne ɗan nasa?"

"Ni ne."

"To ka zo. Ni gwiwa ba ta bari."

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na kama bas ta Bristol Road na sauka a Selly Oak. Gidan yana tsakiyar gidajen ɗalibai, shi kaɗai ne mai shararren ƙofa. 'Yarta ta buɗe min, ta kai ni falo. Mama tana zaune a kujera da sandunan tafiya a gefe, tsohuwar nas ce, Kirista, ga gicciye a bango. Hausarta irin ta mutanen tsakiyar ƙasa ce. Ta yi min gaisuwar mutuwa, na mayar mata, don na ga ita ma tata mutuwar ce. Sai ta ɗage zaninta kaɗan ta nuna min wani tabo a ƙwauri.

Ta ce, "Iyakar abin da wutar ta samu a jikina ke nan. Sauran shi ya karɓa."

Ta ce shekararta shida. Mamarta gyaɗa take sayarwa a rumfar, ita kuma tana ƙarƙashin tebur tana wasa da gwangwanin awo. Ta ji usur, ta ji mutane suna gudu, sai ƙasa ta girgiza, kwano ya rufto. Manja ya kama wuta yana bin ƙasa.

"Ban ga fuskarsa ba," in ji ta. "Ƙafafu na gani, ba takalmi. Ya jawo ni ya naɗe ni da rigarsa, a jiƙe take, ashe a randar mai ruwa ya tsoma ta. Mun kusa ƙofa katakon rufi ya faɗo. Ya durƙusa a kaina da hannu da gwiwa, katakon yana ci a bayansa. Usur ɗin yana bakinsa, ya manta da shi, duk numfashin da ya ja sai ya yi ƙara a kunnena. A haka ya rarrafa da ni har waje. Ya miƙa ni ga wata mata, ya juya. Na ga bayansa yana hayaƙi, na kuma ga ya koma ciki."

Mamarta ba ta rayu ba. Dangi suka ɗauki yarinyar a ranar zuwa ƙauye, ba ta ƙara jin labarin mai usur ba. Sai shekara goma da suka wuce, a wani taron 'yan Arewa a nan Birmingham, tana zuba shinkafa a faranti ta ji wani tsoho a bayanta yana cewa rumfar manja ta bayan tasha. Mutanen teburinsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Na ajiye farantin na je na ce, Baba, yarinyar da ke ƙarƙashin tebur, me take riƙe da shi? Ya ce gwangwanin awon gyaɗa, ta ƙi saki har waje. Ban san lokacin da na zube a ƙasa ba. Shi ya hana ni ce masa Baba, ya ce Yaya zan ce."

'Yarta ta kawo shayi ta ajiye. Ban iya taɓawa ba.

Mama ta ce, "Na matsa masa ya kai ni Manchester in gaya wa iyalinsa ko shi wane ne. Ya ce kada in wahalar da gwiwa. Ya ce ɗana ya san komai, ya fi kowa son labarin nan, har ma yana rubuta shi a littafi, in ya gama zai kawo miki." Ta dubi jakata. "Ka zo da shi?"

A duk zamana da Kawu wannan ce ƙarya ɗaya tilo da na kama shi da ita, kuma asirina ya rufa da ita. Yana da mai shaida a raye, tafiyar awa biyu, ya ƙi kawo ta don kada in ji kunya a gaban 'ya'yana.

Na gaya mata gaskiya. Na faɗi sunan da na raɗa masa, na faɗi ranar suna, na faɗi maɓallin, na faɗi amin ɗin. Ina yi ina kallon kafet. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta ce:

"Da ya koma ciki, wurin mamana ya koma. Ya same ta da rai. Ya ce ta yi magana. Duk lokacin da ya zo wurin sai in tsayar da shi, in ce Yaya ba da baki ba, ba zan iya ba, zan karanta a littafin ɗanka ni kaɗai in na shirya. Shekara goma ina shiri." Ta ɗago ta dube ni. "Ko ba littafi, ai ka ji labarin. Me mamana ta ce?"

Na rufe ido na nema. Na san akwai mai gyaɗa a labarin. Na san Kawu yakan sassauta murya in ya zo wurinta, yakan dubi tafin hannunsa. Ina iya ganin leɓɓansa suna motsi a falon nan na Ardwick, amma ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Na ce, "Ban saurara ba, Mama."

Ta ce, "To." Ta juya ta ce wa 'yarta ta ɗumama wa baƙo shayinsa, ya huce.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya sa wutar da ya shiga don 'ya'yan mutane ta zama iyakar wutar da zai gani. Ni kuma ya yafe min, tunda wanda zan roƙa ya tafi.

Saura ku, 'yan'uwa na Manchester, da kuka yi dariya tare da ni. Ban zarge ku ba, ni na koya muku. Amma Kawu ya ba da labarin nan a masallaci, ya ba da shi a bayan tasi, ya ba da shi a teburin kowane biki. A cikinku dole akwai wanda wata rana ya rasa hanyar zamewa ya zauna har ƙarshe. In kai ne, kuma ka riƙe abin da mai gyaɗar nan ta ce, ko rabi ne, ka neme ni. 'Yar mai gyaɗar tana Selly Oak, ta ce yanzu ta shirya.